Babban Yatsan Hawa'u

Sau huɗu Hawa'u tana ɗora babban yatsanta a kan ɗan gilashin na'urar, sau huɗu na'urar tana kunna jar wuta. Matan da ke bayanta a layi, a filin lakwal, wato makarantar boko, na Tudun Gawo cikin karkarar Bazaga, suka fara leƙe ta saman kafaɗarta. Rana ta take, kowa so yake a sallame shi.

Nabila, ma'aikaciyar furoje, shirin tallafa wa mata, da ke zuwa daga Konni duk wata da jakar kuɗin tallafi da jandarma biyu, ta kama hannun ta juya shi. Ta goge yatsan da gefen mayafinta, ta sa Hawa'u ta hura masa iskar baki, ta sake dannawa. Ja dai. Sai ta ɗaga yatsan ta duba shi a hasken rana. Zanen da ke jikinsa ya shafe, fatar ta yi sumul kamar bayan cokali.

Ta tambaye ta sana'arta. Hawa'u ta ce man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Nabila ta gyaɗa kai, ta ce ai ta sha ganin haka wurin masu matsar tunkuza da zafinta, aikin ne ke cinye zanen. Ta nemi yatsan hagu, sai ta tuna: wannan tun ranar rajista na'urar ta ƙi shi, saboda wani tsohon tabon ƙunar mai da ya rufe shi gaba ɗaya. Na dama kaɗai aka ɗauka. Ta ce kuɗin ba su ɓata ba, wata mai zuwa za a haɗa mata biyu, ta dai ɗan hutar da hannun zanen ya dawo. In kuma ya ƙi, sai an je babban buro, ofishinsu na Tawa, a ɗauki wani yatsan.

Nabila da kyakkyawar zuciya ta faɗi maganar. Ba ta san cewa a ƙarƙashin dogon yaron da ke bakin lakwal akwai maza zaune ba, ko kuwa ta sani ta ɗauka inuwa suke sha. Duk ranar biya nan suke taruwa, kowa idonsa a ƙofa. Lawali, mijin Hawa'u, yana cikinsu, kuma ya riga ya miƙe yana kakkaɓe riga.

Ranar da aka fara raba kuɗin nan an tara gari an yi bayani da lasifika. Jika goma sha biyar na sefa duk wata, a hannun matar gida, ba sharaɗi, ba wanda zai tambaye ta abin da ta yi da su. Gaskiya suka faɗa, su dai ba su sa sharaɗi ba. Sai dai kuɗin ba a buro suke kwana ba, a gida suke kwana, gida kuwa yana da nasa masu dokar.

Wata takwas Hawa'u ta yi tana karɓa, kuma duk wanda ya ce kuɗin ba su yi amfani ba ya yi ƙarya. Da tiya biyu ta gyaɗa take juyawa, kwalba biyu ta mai, ƙuli-ƙulin da bai cika faranti ba. Sai ga ta tana sayen buhu. A wata na uku ta je maƙeran Konni ta sayo babban kasko na ƙarfe, irin wanda sai mutum biyu ke ɗora shi a murhu. Hamani mai tsire na tashar Konni ya ɗanɗana ƙuli-ƙulinta sau ɗaya, ya ce daga ranar yajinsa da nata za a riƙa dakawa. Matan Bazaga suna jiran manta ranar kasuwa saboda ba ta gauraya shi da komai. Daga asuba zuwa azahar hannuwanta suna cikin tunkuza mai turiri, tana juyawa da muciya, tana matsewa, tana mulmulawa. Da ribar nan ake cefane, da ita aka ɗinka wa 'yarta Rumaisa kayan lakwal. Ba ta taɓa jin ita ma wani abu ce ba sai a watannin nan.

Shi kuwa Lawali amalanke gare shi da jaki, lokacin albasa yana jigila wajen Malbaza. Tunda kuɗin suka fara zuwa ya gano cewa jakin ya gaji. Watan farko jika uku ya karɓa, ya ce na goro. Aka koma biyar, aka koma rabi. Hawa'u ba ta ja ba, tunda abin da ya rage yana sayen gyaɗa, gyaɗa kuma tana riƙe gidan.

Ran nan da ta fito hannu wayam, bai ce mata komai ba a gaban mutane. Ya bi ta a baya har gida, ya tura ƙyauren zaure ya sa sakata.

Ta faɗa masa abin da ya faru tun kafin ya tambaya. Ya ce ta kwance zane. Ya lalube bakin zanen, ya zazzage ɗankwalinta, ya shiga ɗaki ya kifar da kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya. Da bai ga komai ba sai ya ɗauko bulalar jaki daga kan amalanke. Ya fara da ƙafafu, ya hau zuwa baya. Ta durƙusa ta rufe fuska, bulalar ta samu wuyanta ta tsaga fatar. Yana duka yana tambayar wa ta ba ajiya, tana rantsuwa, yana ƙarawa. Uwarsa, Tsahara, tana zaune a bakin rumbu tana tsince wake, ba ta ɗaga kai ba. Sai da waken ya ƙare ta ce ya isa haka nan, maƙwabta suna ji.

Ya fita yana haki. A bakin lakwal mazan da suka rage suka tabbatar masa: matansu sun gani da idonsu, na'urar ce ta ƙi. Mai hankali da ya dawo da kunya. Lawali da doka ya dawo.

Ya same ta tana wanke jinin wuyanta a bayan ɗaki. Ya ce ta miƙo hannun. Ya duba yatsan ya daɗe, kamar mai duba haƙoran rago a kasuwa.

"Daga yau ba ki ƙara taɓa tunkuza," ya ce. "Ba suya, ba matsa."

"Malam, to da mi za mu ci? Ga buhu na saye, ga mutane na jira na."

"Jikka goma sha biyar kina zamne, su za ki ƙona mini saboda ɗan man ga naki? Yatsan ga ba naki na ba ke ɗai. Na gidan ga na."

Jarkar man da ta matse da safe tana jingine da bango. Ya sa ƙafa ya hankaɗe ta. Man ya malala a ƙasa, rairayi ya shanye shi yana kallo, kaji suka zo suna tsattsaga wurin. Wannan ya fi bulalar yi mata ciwo, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba lokacin dukan.

Da yamma Tsahara ta kawo mata ruwan zafi da tsumma. Tana gasa mata baya tana yi mata nasiha: namiji in ya ga abincin gidansa zai zube dole ransa ya ɓaci, kuma ai hutu ya ba ta, mata nawa ke roƙon Allah ya ba su mijin da zai ce su zauna. Ta ce ita a zamaninta ba wanda ya taɓa ba ta ko dala don ta dangwala yatsa. Hawa'u ta ce to, Inna.

Daga nan yatsan ya zama ɗan gata. Shekara goma sha biyu da aure Lawali bai taɓa sayo mata sabulu ba sai ta roƙa, amma ga shi yana tare matan Fulani a hanya yana sayen man shanu. Kullum da safe zai kira ta tsakar gida, ya shafa wa yatsan, ya naɗe shi da tsumma mai tsabta, ya ɗaure da zare. Ya hana ta daka da hannun, ya hana ta jan guga, ya hana ta wanki da toka. Tsahara da ciwon bayanta ta koma turmi ba ta ko ƙorafi. In ya kwance tsumman ya ga zanen ya ɗan fito, sai fuskarsa ta saki, har ya yi wa Rumaisa wasa. Ita mai yatsan kuwa ko sannu.

Abincin gidan ya fara ja baya. Miya ta koma kuka da gishiri, gidan mai mai ba ɗigon mai. Lawali ya ce a yi haƙuri, ai talatin na nan tafe a dunƙule.

A mako na biyu Hamani mai tsire ya zo da kansa a kan babur, don bai saba jin ta shiru ba. Hawa'u ta ji muryarsa daga ciki, ta miƙe har ta kai bakin zaure. Lawali ya tare shi a waje ya ce ba ta da lafiya, ta ma bar sana'ar. Hamani ya yi addu'ar sauƙi, ya tambaya ko akwai wata mai yi a garin, shi dai ba ya iya buɗe tukuba ba yaji. Lawali da bakinsa ya nuna masa gidan Gimbiya, maƙwabciyarsu ta bayan katanga.

Kwana biyu bayan haka ƙamshin suyar gyaɗa ya fara tsallako katangar. Gimbiya ba muguwa ba ce, ita ma 'ya'ya gare ta, kuma Hawa'u ce ma ta koya mata yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya tashi. Amma Hawa'u tana zaune da hannu a naɗe tana jin ƙamshin, tana gane cewa wutar ta yi yawa, gyaɗar za ta yi ɗaci, ba ta da bakin magana. A kusurwar ɗakinta buhunta yana tsaye. Wata safiya ta ga gari-gari a ƙarƙashinsa, ta zura hannun hagu ta ɗebo, sai ga ƙwari suna yawo a tafinta.

Ranar kasuwar Konni Lawali ya shirya ya fita tun da hantsi. Hawa'u ta jira har ƙarar motar kasuwa ta ɓace. Ta auni tiya uku, ta ɗora ƙaramin kasko tunda ba mai kama mata babban, ta soya, ta murje, ta fece, ta kai inji da kanta a ƙarƙashin hijabi. Da ta dawo ta zuba markaɗen a turmi ta kama juyawa da hagu, na dama tana tallafawa da gindin tafi, yatsan a miƙe sama cikin tsummansa ba ya taɓa komai. Mai ya fara tsattsafowa. Ta ji wani daɗi ya cika mata ƙirji har ta kama 'yar waƙa a hankali.

Sai dai sana'ar nan ba a ɓoye ta, hanci ke tona ta. Tsahara ta shaƙa, ta ɗauki mayafi ta fita. Akwai mai waya a bakin masallaci, ta sa aka kira ɗanta. Kafin azahar Lawali ya sauka daga kan kabu-kabu a ƙofar gida.

Bai yi tambaya ba. Ya zare muciyar daga cikin turmin, tunkuza na ɗiga a jikinta. Da hannunsa na hagu ya damƙi wuyan hannunta na dama ya ɗaga shi sama, can nesa da jikinta, yadda ake ɗaga kwanon nono in za a ratsa taro. Sannan ya fara. Ya buga mata a haƙarƙari, ya buga a cinya, ya buga a gefen kai har kunnenta ya ɗauki ƙara. Ta kare da hannun hagu, muciyar ta sauka a kan damtsen, aka ji ƙas. Ƙafafunta suka saki, amma ba ta kai ƙasa ba, tana rataye a hannunsa. Duk haukan da yake yi bai manta ba ko sau ɗaya, yatsan nan ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Mutumin da aka ce zuciya ce ta ɗebe shi ba ya irin wannan lissafi. Lawali da hankalinsa ya yi, kuma wannan shi ne abin da ya fi muni a cikin al'amarin.

Da ya gama ya kwantar da hannun a hankali a kan cinyarta, ya gyara ɗaurin tsumman. Ya ɗauki turmin ya kife a bola.

Mai ɗori ya zo da yamma, aka ce masa daga amalanke ta faɗo. Ya dubi shatar da ke bayanta, ya dubi Lawali, ya ɗaure karan ya karɓi abin sadakarsa ya tafi.

Da ta iya miƙewa ta kama hannun Rumaisa ta hau amalanken wasu masu zuwa Alela, ta sauka gidan wanta Yakuba. Ya ga hannun, ya ga kunnen da ke zubar ruwa, ransa ya ɓaci sosai, ya rantse ba za ta koma ba sai an zauna gaban manya. Kwana tara ta yi tana barci ba fargaba. Saura kwana uku a yi biya sai ga Lawali da goro da sukari da murya mai sanyi. Suka keɓe a zaure shi da Yakuba. Da Yakuba ya shigo, idonsa a ƙasa yake. Ya ce ta duba, shekarar ba ta yi kyau ba, shi ma bakuna tara yake ciyarwa, kuɗin nan kuma a garinsu aka rubuta ta, in ba ta nan sun wuce. Ya ce mutumin ya yi nadama, har ya yi alkawarin in an karɓa zai riƙa tunawa da su nan.

"Yaya, kashe ni za shi yi," ta ce.

"Haba, shi kashe ki shi samu mi?" in ji Yakuba. Da nufin kwantar mata da hankali ya faɗa.

Ranar da ta koma, shugabar kwamitin matan gari ta zo duba ta. Ta yi salati da ta ga jikin, ta matse ƙwalla, sannan ta sauke murya ta ce don Allah kada Hawa'u ta ce wa Madam Nabila komai. An ce akwai wani gari can wajen Illela da aka kai ƙara irin wannan, masu furoje suka ce kuɗinsu na haddasa fitina suka janye. Ko gaskiya ne ko ƙarya ba wanda ya sani, amma gida tamanin ne ke karɓa a Tudun Gawo, kada ta zama sanadi.

Ranar biya Lawali da kansa ya kwance tsumman a bakin lakwal. Hawa'u ta shiga layi, hannun hagu a rataye a wuya. Ta ɗora yatsan sau ɗaya, na'urar ta kunna kore. Nabila ta yi murna har ta tafa, ta ce kin gani, hutu kawai yake so. Sai idonta ya kai kan karan ɗorin da kumburin gefen fuska, ta tambaya. Shugabar kwamiti tana tsaye a gefen tebur tana gyara layi.

"Daga amalanke nih hwaɗo," in ji Hawa'u.

Nabila ta yi mata sannu. Ta tambaye ta sana'a fa, Hawa'u ta ce tana nan. Nabila ta yi 'yar alama a takardarta ta miƙa mata jika talatin.

Kafin a watse aka ce matan su dakata, akwai albishir. Wani babba daga cikin ma'aikatan ya hau kan benci ya ce saboda yadda tallafin ya ɗaga sana'o'in mata a wannan yanki, an ƙara shekara biyu. Filin lakwal ya kaure da guɗa. Wasu matan har da rawa, kuma suna da gaskiya, da yawansu kuɗin nan ya tsame su daga yunwa. Hawa'u ta tsaya a tsakiyarsu, ba guɗa ba rawa. Da tana lallashin kanta cewa saura 'yan watanni abin ya ƙare, a kwance mata hannu ta koma bakin murhu. Yanzu shekara biyu. Kafin nan ba mai tuna ɗanɗanon manta a Bazaga.

A gindin dogon yaro Lawali ya karɓe duka, bai ma jira sun kai gida ba. Ya sayo nama da sabuwar waya, ya auno hatsin da ba zai kai ƙarshen wata ba. Yana cin naman ya sanar da ita cewa ya gama magana da Maman Sani, mijin Gimbiya. Ya sayar masa da babban kaskon, ranar Juma'a da hantsi zai zo ya ɗauka. Ya ce muddin tana ganin kaskon nan Shaiɗan ba zai bar ta ba, gara a raba su. Tsahara ta ce wannan dabara ce, ta haka ne za a samu zaman lafiya.

Kwana biyu Hawa'u tana kallon kaskon a jingine da katanga, gindinsa baƙi, cikinsa yana ƙyalli saboda man da ya sha. Ita ta zaɓe shi a cikin guda goma, ta ƙwanƙwasa shi ta ji ƙararsa kafin ta biya. Kuma tana kallon babban yatsanta na hagu da ke leƙowa daga ƙarshen ɗorin, da tsohon tabonsa, wanda ba wanda ya taɓa shafa wa man shanu.

Ranar Juma'a, bayan Lawali ya yi mata shafin safe ya fita shan shayi, ta mirgino kaskon da ƙafa da gwiwa har bakin murhu. Ta sha wuya kafin ta ɗora shi, haƙarƙarinta yana suka kamar ana soka mata wuƙa. Ta cusa kara da itace ta hura wuta. Ta tsince abin da ƙwari suka rage a buhun, ya tashi tiya huɗu, ta ajiye a gefe ba ta zuba ba. Tsahara ta leƙo daga ɗaki ta ga wutar, ta ɗauki mayafi.

Hawa'u ta zauna ta jira. Ƙarfen ya yi zafi har iskar da ke samansa tana rawa. Ta sa haƙori ta kwance zaren, tsumman ya faɗi. Yatsan ya yi kyau, ya yi laushi, zanensa ya fito raɗau kamar na jariri. Tsoro take ji ƙwarai. Ta tuna jika goma sha biyar, ta tuna Rumaisa da kayan lakwal, ta san abin da za ta jefar ba ƙarami ba ne.

Lawali ya shigo da sauri, uwarsa a bayansa, Maman Sani kuma ya tsaya a zaure da igiyar ɗaure kaya. Lawali ya ga wuta, ya ga gyaɗa, ya waiga yana neman muciya. Sai ya lura hannun ba tsumma.

"Ke, mi za ki yi?"

Ta dube shi. Ta ɗora yatsan a tsakiyar kaskon, ta danna yadda Nabila ta koya mata, ta murza shi dama da hagu don ko'ina ya samu.

Ƙarar ta yi kamar an jefa nama a mai. Wari ya tashi. Ba ta ɗaga ba sai da ya fizge ta, fatar ta rage a jikin ƙarfen tana hayaƙi. A lokacin ne ihun ya kuɓuce mata, ihun da aka ji har bakin masallaci.

Lawali ya riƙe hannun yana kallo, bakinsa a buɗe. Ya tofa masa yawu, ya hura, ya ce a kawo man shanu, a kawo ruwa. Da ya ga ba abin da ya rage sai muryarsa ta canza. Ya ce za su Tawa, gobe-goben nan, a ɗauki wani yatsan.

Hawa'u tana durƙushe, zufa da hawaye sun haɗe mata. Da ƙyar maganar ta fito.

"Mu tahi. Saura takwas. Wuta ko ba ta ƙare ba."

Ya zaro itace daga bakin murhun. Ya sauke mata a baya, ya sauke a kafaɗa, ta kife. Yanzu ba abin da zai kare, ya ɗaga itacen ya auna hannun da ke shimfiɗe a ƙasa. Sai ga Tsahara, wadda wata guda ana dukan nan ba ta taɓa tashi daga inda take ba, ta yi tsalle ta rataye a damtsensa.

"Ban da hannuwan, Lawali! In ka karya su, mi za mu ci?"

Itacen ya tsaya a sama. Tsohuwar ta riga shi gama lissafi: kuɗin furoje sun tafi, jaki ya manta hanyar Malbaza, hatsin rumbu ba zai kai ƙarshen wata ba. Ya jefar da itacen ya fita. A zaure ya ce wa Maman Sani an fasa cinikin.

Kada wani ya kira wannan nasara. Matar da sai ta ƙona naman jikinta kafin a bar ta ta nemi abincinta ba ta ci nasarar komai ba, kuma duk wanda ya ji ihun nan ya ci gaba da shan shayinsa yana da kaso a ciki. Ba a kai Lawali gaban kowa ba. Yakuba ya aiko da sannu. Mutanen gari suka ce Hawa'u ta butulce wa arziki, wasu suka ce aljanu ne. Wata na gaba Nabila ta kira sunanta sau uku a filin lakwal, shugabar kwamiti ta ce ba ta jin daɗi, aka wuce zuwa suna na gaba.

Sai da aka yi mako bakwai kafin ta iya riƙe muciya. Hagun ya ɗore a karkace, na daman ya warke ya bar dunƙulen tabo mai sheƙi. Hamani ya riga ya saba da Gimbiya, ba ta je roƙonsa ba. Da tiya biyu ta sake farawa, 'yar gyaɗar tana yawo a gindin babban kaskon. Ranar da mai ya fara tashi, Tsahara ce ta fara miƙo kwanon miya a zuba mata.

Ranar kasuwar Bazaga ta shimfiɗa buhu ta jera kwalba biyu da farantin ƙuli-ƙuli. Wata tsohuwar mai sayenta ta tsaya, ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta ce ai sun ɗauka ta bari tunda ta zama mai albashi. Tana miƙa kuɗi idonta ya faɗa kan yatsan, ta yi salati ta tambayi abin da ya same shi.

Hawa'u ta karɓi kuɗin da yatsu huɗu, ta ƙulle a bakin zanenta.

"Sana'a ta," ta ce.